Kocin Kwale-kwale Mai Tsoron Ruwa

Malam Ashemi ɗan Lafiya ne gaba da baya, kuma tun tasowarsa bai yarda da ruwan da ya wuce na buta ba. Malamin wasanni ne a wata kwaleji da ke hanyar Shabu. Da kwalejin ta kafa ƙungiyar tseren kwale-kwale, aka duba aka ga shi kaɗai ne malamin da ke da usur, sai aka ce shi ne koci.

Da damina, idan an kai ɗalibai madatsar ruwa atisaye, can nesa yake tsayawa a gindin mangwaro, ya ɗaure rigar ceto tamau, yana hura usur. Amma da rani, idan ruwa ya ja baya aka kife kwale-kwale, sai Malam ya samu bakin magana. Ya karɓi wani tsohon sito da aka kwashe doya daga ciki, ya jera bencina, ya ɗaure gorori da robar tayar babur a ƙarfen taga. Kowane ɗalibi ya hau benci yana jan gora, roba tana fizge shi, gumi na zuba.

"Ku ja! Ga igiyar ruwa nan tafe!" Haka yake ihu yana zagaya su. Wanda ya yi lalaci kuwa sai ya ce masa ya nutse, ya koma baya ya sake.

Kyaftin ɗinsu Seember ce, 'yar Tibi da ta tashi a bakin kogin Binuwai. Wata rana ta ajiye gora ta ce, "Koci, wannan kogi naka ko kifi ya shiga zai ji ƙishi."

"Ke dai ja," in ji shi.

Suka yi ta ja har rani ya wuce, kafaɗunsu suka buɗe, hannuwansu suka zo ɗaya. Da madatsar ta cika, Seember ta ce babu mai taɓa filafili sai Koci ya shiga kwale-kwalen. Ya ce gwiwarsa na ciwo, suka ce za su ɗauke shi. Ya koma gefe ya kira matarsa Suwaibatu a waya ya nemi gafararta, sannan ya shiga ya zauna a tsakiya, ya runtse ido, ya ƙanƙame katako.

"Ku ja," ya ce a hankali.

Kwale-kwalen ya miƙe sak har ɗaya gaɓar. Da suka ce a juya, Malam ya sauka ya ce ya ga abin da yake son gani, aikinsu ya yi kyau. Ya tare ɗan acaba, suka zagaya ta gada.