Albarkar da Ya Sa a Ɗakin Bincike

Jiya 'yata Hadiza ta dawo daga jami'a da ƙarnin ruwan gishiri a mayafinta, sai mahaifinta, Malam, ya faɗo mini a rai. Haka rigarsa take ƙarnin kifi in ya taso daga kogi, don shekara arba'in ya yi yana su a Yawuri.

Lokacin da ni da shi muka zo wurinta a Lembah Pantai, nan ƙasar waje inda take karatu, ta bayyana masa aikinta. Wai akwai wani guntun ƙwayar gado, irin abin da ɗa ke gada a jikin iyaye, mai tsalle daga wuri zuwa wuri, shi take ɗora wa alama ta tura cikin ƙwan wasu 'yan halittun teku marasa ƙashi. Malam ya ɗaure fuska, ya ce ba zai sa albarka a taɓa halittar Allah ba. Yarinya ta ce to za ta ajiye karatun.

Ni kuwa ba a yi mini haka. Na ja shi har ɗakin binciken, sanyi yana ratsa ƙashi. Ya kafa ido a madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, ya ga ɗan abu bai kai ƙwayar gero ba, yana iyo, alamar da ta sa masa tana haske kore. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Hadizatu, kina neman gafararsu?"

"A'a, Baba."

"Ni ko tarwaɗa na kama sai na ce ta yafe mini. Ki riƙa yi. Je ki, Allah ya yi miki albarka."

Bai ga ƙarshen karatun ba, da damina ya rasu. Allah ya jiƙanka, Malam, ya sa ka huta, ya haɗa mu a Aljanna.