Ranar da Ƙafar Alhaji ta Tona Masa Asiri

Ko tsufa zai shafe mini komai na zaman Riyad, ranar zaɓen shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gida ba za ta shafu ba.

Wata Juma'a ce bayan la'asar. Mun kama istiraha, irin gidan shaƙatawar nan na haya a bayan gari, an jera farantan kabsa, shinkafa da naman nan ta Larabawa. 'Yan takara biyu ne. Akwai wani Injiniya da ya yi karatu a Amurka, wanda ko gaisawa kuka yi sai ya tuna maka. Sai wani Alhaji mai shagon turare a unguwar Dira, wanda alkawarinsa ɗaya ne: in ya hau, kiɗa ya ƙare a taronmu.

Da aka ba Injiniya dama, mun zaci zai yi maganar 'yan uwan da iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu. Ina! Sai ya jawo jita mai lantarki, wai zai koya mana haɗin kai da kiɗan rock and roll. Ya ce baƙaƙen Amurka ne suka haife shi daga waƙoƙinsu na ƙunci da na coci, ya cakuɗu da kiɗan Turawan karkara, daga baya Turawa suka kwashe sunan.

"Wuri uku kacal yatsu ke dafawa a wuyan jitar," in ji shi. "Ka fara a gida, ka leƙa maƙwabta, ka yi nisa, ka dawo gida. Tafi kuwa a bugu na biyu da na huɗu yake faɗawa. Yalla, ku tafa!"

Muka tafa, kowa da nasa, kamar ƙanƙara a rufin kwano. Shi kuma ya soma kaɗawa. Bakinsa dai ya iya, amma hannun ko kusa; ka rantse kyanwa aka taka wa wutsiya.

Ina zaune kusa da Alhaji, yana jan carbi yana a'uziyya. Can na dubi ƙasa. Duk wurin, ƙafarsa ce kaɗai ke sauka daidai a na biyu da na huɗu. Fuskarsa a yamutse, amma ba irin ta mai tsoron Allah ba, irin ta wanda ya ɗanɗana miya babu gishiri.

Da Injiniya ya yi nisa ya kasa dawowa, sai Alhaji ya zabura.

"Haba Injiniya! Ka koma gida mana! Kuma tsarkiyarka ta uku ta saki tun ɗazu!"

Wani dattijo direba ya gyara tabarau ya ƙura masa ido.

"Alhaji, ba kai ne mai tulin suma da wando mai faɗin ƙafa, da ke kaɗa jita a wani otal a Jos shekarun baya ba?"

"Kama ce, Baba. Mutum da mai kama da shi."

Injiniya, da ya ji zafi, ya miƙa masa jitar. "To bismillah, ranka ya daɗe, gyara mana."

"Don dai kada a cuci kunnen Musulmi," in ji Alhaji. Ya murɗa tsarkiyar, ya ɗan taɓa don gwaji. Gwajin nan bai tsaya ba. Ya lumshe ido, kafaɗa ta soma rawa, hula ta karkace, carbi na lilo a gwiwar hannu. Wallahi har masu furfura sai da suka miƙe. Da ya farga, ya dire jitar kamar garwashi ya ce, "Ya isa haka! Astagfirullah. Kun dai ga sharrin abin da idonku."

Aka fashe da dariya har da masu hawaye. Da aka zo zaɓe, masu ƙin kiɗa suka guji Alhaji, masu sonsa suka guji Injiniya, ƙarshe aka roƙi tsohon shugaba ya ci gaba.

Tun daga ranar na daina ruɗuwa da mutum biyu: mai zuba tarihin abu, da mai yawan tsine masa. Na farko sau da yawa bai iya ba. Na biyun kuwa, in ka bincika, tsohuwar budurwarsa ce yake zagi.