Fuskar Florián a Ƙarƙashin Simintin Mareda

A garinmu in ka ce Vendelín Mareda ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Sarkin Magina ko baƙon jiya zai nuna maka gidansa. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya naɗa kansa wata Asabar a mashayar bakin dandali, mutane suka yi dariya, sunan kuma ya bi shi har kabari. Ni Blažena Hejdová na yi kusan shekara arba'in muna layi ɗaya da shi. Na je jana'izarsa da baƙaƙen kaya kamar kowa, amma ban zubar da hawaye ba, ba kuma zan yi ƙaryar na zubar ba.

An haife shi a 1929, ɗan mai kiwon kifi a tafkunan bayan gari. Uban ya so ya gaje shi, shi kuwa ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana warin laka ba, sai aka kai shi koyon gini wajen wani tsoho da ya iya aikin farar ƙasa irin ta da, wadda ake jiƙawa a rami shekara uku kafin a taɓa ta. Duk zaman da ya yi a can darasi ɗaya ya ɗauko: shekara uku ta yi yawa. Da siminti ya wadata bayan yaƙin duniya na biyu, Mareda ya kama shi hannu biyu. Gajere ne mai kaurin wuya, da 'yar hula mai tsinke a tsakiya wadda ko a coci sai an harare shi yake cirewa. Abin da ya fi so a duniya shi ne yaɓen nan mai ruwan toka mai kaushi, wanda in ka goga kafaɗa a jikinsa sai ya ci maka riga. Gidajen dandalinmu sun shekara ɗari huɗu, kowanne da irin goshinsa da launinsa, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya mai da su kamar 'yan gida ɗaya.

Amma ba yaɓe ne ya yi masa suna ba. Kowa ya san in ka ɓamɓare tsohon shafe a garinmu, ba ka san abin da za ka tarar ba: wani lokaci fure, wani lokaci jarumi a kan doki, wani lokaci waliyyi sukutum. In kuwa labari ya kai ga masu kula da kayan tarihi a babban birni, shi ke nan, gida ya tashi daga naka. Za su zo da jaka da takardu, ko marikin ƙofa ba ka isa ka canja ba sai da sa hannunsu. Saboda haka duk wanda ya ga launi ya leƙo daga bangonsa, sai ya rataya buhuna a kan katakan da magina ke hawa, ya aika a kira Mareda. Kafin azahar an rufe, maƙwabta kuma ba su ga komai ba. A kan wannan kaɗai ne sakataren Jam'iyyar kwaminis mai mulki da limamin coci suke magana da baki ɗaya.

Namu ya zo a bazarar 1974, ina da shekara biyu da aure. Mijina Lubor ya nace sai mun yi babbar taga mai gida uku irin wadda kowa ke yi. Ya hau yana ɓamɓarar shafen da ke tsakanin tagogin sama, sai na ji ya ce, “Yesu da Maryamu! Blažena, kawo buhuna.”

Na kai masa buhunan, na hau na leƙa. Waliyyi Florián ne, mai tsare gidaje daga gobara, tsawonsa ya kusa nawa, da jar alkyabba da hular ƙarfe ta soja, yana tuttula ruwa daga guga a kan wani ɗan gida da ke ci da wuta. Ɗan gidan kuma namu ne, da goshinsa mai lanƙwasa da ƙofarsa mai baka, ba abin da ya bambanta. Amma fuskar ce ta tsayar da ni. Ni ba mai yawan zuwa coci ba ce, sai dai na yi kusan awa guda a kan katakon nan, Lubor yana ta mita a ƙasa, ni ko motsi. Tunda na zo gidan nan a matsayin baƙuwa, ranar ce na fara jin akwai abin da yake nawa a cikinsa.

Na roƙi Lubor a bar shi. Ya ce, “Ki bar shi, ki kwana da sanyi har ki tsufa? Kin san in suka zo ko ƙusa ba za mu ƙara bugawa ba.” Ya tafi ya kira Mareda.

Mareda ya hau, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya tsotsi haƙori. Na bi shi har sama, na sa masa “Pan” ɗinmu na girmamawa, na ce, “Pan Mareda, don Allah, in dai sai an rufe, a rufe shi yadda wata rana za a iya buɗewa.”

Ya dube ni sama da ƙasa yana murmushi. “Haba amarya, wa kika ɗauke ni, mai haƙar rijiya? Takarda zan shimfiɗa masa, in bi da farar ƙasa mai laushi, sannan siminti a sama. Barci kawai zai yi. Jikokinki za su buɗe su same shi kamar yau aka zana. Ga hannuna.” Na karɓi hannun. Sai ya ce, “To, maƙogwaron magini ya bushe. A ɗauki tulu a sambaɗo mana giya, ta mashayar ƙasa, ba ta dandali ba, tasu ruwa ce.”

Mashayar ƙasa tana can bakin gada. Na je, na bi layi, na dawo ina tafiya a hankali kada kumfa ta zube. Kafin in iso ya watsa hannun farko na siminti, bango ya yi toka tun daga sama har ƙasa. Ya shanye tulun, ya ci naman alade da kabejin da na dafa, har da neman ƙari.

Shekara talatin da biyu na zauna a kan wannan alkawari. Ba wani abin a zo a gani ba ne a rayuwata: aiki a masaƙa, 'ya'ya biyu, layin nama, miji mai kirki wanda maganarsa ba ta wuce ƙwallon ƙanƙara. Amma in na dawo daga aiki nakan ɗaga kai in dubi wurin nan tsakanin tagogi, in ji sanyi a raina cewa yana nan. Duk kirsimeti kuwa sai na aika wa Mareda kwalbar barasa. Ni da hannuna, shekara bayan shekara. In na tuna wannan har yanzu kunya ce ke kama ni.

Da gwamnatin kwaminis ta faɗi, Mareda ya farka ya ga ashe shi gwarzo ne. Garuruwan maƙwabta da suka bar zanensu a fili sun cika da motocin masu yawon buɗe ido, mu kuwa sai toka. Sai ga wani ɗan jarida ya zo mashaya, Mareda ya gyara zama ya shiga shirga masa: wai shi ne ya ɓoye waliyyai daga hannun marasa addini, wai da sanin haɗarin ya yi, wai sau biyu 'yan sandan ciki suna binsa. Mutumin da duk ranar ma'aikata shi ke riƙe da sanda ɗaya ta babbar tutar Jam'iyya! Jarida ta buga, ya yanke ya sa a gilashi. Majalisar gari ta ba shi takardar yabo a kan ceto zane goma sha ɗaya. Daga nan ya ajiye cokalin gini ya sayi sanda. In baƙi suka sauka sai ya ja su zagayen dandali, yana nuna musu bango mai toka yana cewa, “A nan akwai Waliyyiya Barbora da hasumiyarta. A nan Adamu da Hauwa'u.” Su kuma su ɗaga kyamara su ɗauki hoton siminti.

Ba wanda ya buɗe nasa. Kowa na cewa sai baɗi. Ni ce na fara, a 2006, shekara guda bayan rasuwar Lubor. Na rubuta wa mutanen da muka yi shekaru muna ɓuya musu, suka turo wata mai gyaran tsofaffin zane daga Prague, Dorota Vávrová, siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ranar da za a fara, rabin gari ya taru a dandali, har da shugaban gari. Mareda ya zo da kwat da lambar girma a ƙirji, aka ajiye masa kujera a gaba.

Dorota ta fara daga ƙasa da 'yar guduma da wuƙa kamar ta likita. Simintin ya ƙi. Sai da ta yi gumi kafin ɓalli na farko ya fita, da ya fita kuma ya tafi da jan launi manne a bayansa. Ta juya shi a hannu, ta ce, “Pani Hejdová, kin ce an sa takarda?”

“Haka aka ce mini.”

“Babu takarda. Babu farar ƙasa. Hau ki gani.”

Na hau. Alkyabbar tana nan, amma cike da ramuka kamar ɗan yatsa, jere reras, tazarar kamu ɗaya tsakaninsu. Sara ne na guduma mai tsini, irin wanda magina ke yi wa bango don sabon yaɓe ya sami abin kamawa. Duk da haka na ce a raina, ramuka ai ana cikewa, fuskar dai.

Sai kwana na tara ta kai wurin. 'Yan kallo sun watse tuni, saura Mareda da kujerarsa, don shi bai ga abin kunya ba balle ya daina zuwa. Daga gefen hular ƙarfe zuwa wuya babu komai, jan bulo ne tsirara, faɗin faranti. Dorota ta yi mini bayani a hankali: masu zanen da sukan goge wurin fuska ya fi ko'ina santsi, don launi ya kwanta da kyau. Wurin da ya fi santsi kuwa shi ne siminti ba ya kamawa.

Na sauko na tsaya a gabansa. “Pan Mareda, ina fuskar?”

Ya ɗaga kai ya duba, ya karkata hula. “Af, wannan wurin. Na tuna shi. Sulɓi kamar gilashi, na watsa sau uku yana zamewa. Dole na sassaƙe shi.”

“Ka ba ni hannunka.”

“Na ba ki, amarya, na kuma yi miki aiki. So kike ya ɓallo ya faɗo kan ɗan wani, a ce yaɓen Mareda ne? Takarda a ƙarƙashin siminti! Wa ya taɓa jin wannan? Na faɗa ne don ki daina kuka ki tafi ɗebo giya.” Ya waiwayi Dorota. “Ke 'yar birni, faɗi gaskiya, kin taɓa cin karo da yaɓe mai taurin wannan?”

Dorota ta ce, “Ban taɓa ba.” Shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Kada ku ɗauka gari ya juya masa baya. Ni aka juya wa. Masu sauran gidaje goman suka fasa buɗe nasu har abada, suna cewa muddin ba a buɗe ba ai ba a san ya lalace ba. Matar mai burodi ta tare ni a hanya ta ce me ya kai ni tonon abin da yake kwance lafiya, ga shi na ɓata wa tsoho suna, na rage wa gari abin nuna wa baƙi. Takardar yabonsa ba a karɓe ba. Ya ci gaba da zagayensa da sanda, sai dai in ya zo gidana ya sa baƙi su dubi ɗaya gefen. Ya rasu bayan shekara uku, a kan gadonsa, cikin ƙoshi.

Amma kafin nan, Dorota ta gama cike ramuka, ta dawo da guga da ruwan da ɗan gidan, saura faɗin farantin nan. Ta zo kicin ɗina da takarda da fensir. Ta ce a aikinsu ba a ƙirƙirar abin da ba a sani ba, in babu hoto sai a shafe wurin da launi mara komai. Amma ko don a ajiye a rubuce, tana so ta zana abin da na gani. Ta ce ta tambayi Mareda, tunda shi ya fi kowa kusantar fuskar, ya ce shi bango yake kallo, ba ya kallon abin da ke jikinsa.

“Saura ke kaɗai. Yana da gemu?”

Na buɗe baki zan ce e, sai na tsaya.

“To wajen wuta yake kallo, ko wajen mai wucewa?”

Na rufe ido. Alkyabba ta zo, guga ya zo, har buhun da ke kaɗawa a bayana. Fuskar ba ta zo ba. Ban taɓa ƙoƙarin riƙe ta ba, don na san tana nan a ajiye, ina jiran ranar da zan sake gani. Dorota ta jira har shayinta ya huce. Na ce, “Saurayi ne, ina jin. Ko kuma dattijo.” Sai kuka ya ƙwace mini, ina da shekara hamsin da bakwai, a gaban yarinyar da ba ta kai 'yata ba.

Ta mayar da fensirin cikin jaka. Washegari ta hau ta shafe wurin.