Da Hannuna Na Riƙa Yi Mata Cajin Guba

A lokacin ina da rumfar cajin waya a Anguwan Rogo. Ni ba ɗan boko ba ne, a firamare na tsaya, amma ina ganin babu uban da ya kai ni sa ido. 'Ya'yana maza biyu sun sha ashar da bulala a kan taba tun kafin su san ɗanɗanonta. Ita kuwa 'yata, mai shekara goma sha shida, ban taɓa yi mata wannan zancen ba. Mace ce, mai hijabi har ƙasa, me zan ce mata?

Takan kawo mini wani ɗan abu kamar alƙalami mai ƙauri, yana ƙamshin mangwaro, ta ce na ƙawarta ne, na gyaran murya ne. In karɓa in jona, har in cire wayar kwastoma don nata ya cika da wuri. Da ta fara tari da riƙe ƙirji, na ce sanyin Jos ne. Na sayo mata rigar sanyi a gwanjo, uwarta ta yi ta dafa citta da kanumfari.

Ranar da numfashinta ya sarƙe muka kwashe ta a keke napep zuwa asibiti. Likita ta tambaya ko tana shan wani hayaƙi. Wallahi saura kaɗan in zage ta. Ina juyawa sai na ga 'yata ta gyaɗa kai. Ta ce ɗan alƙalamin nan da nake jona mata ne take zuƙa. Likitar ta ce sigarin lantarki ne, abin da ke kama mutum a taba yana ciki, yana cin huhu, kuma yaro ya fi saurin kamuwa. Da na daka wa yarinyar tsawa, cikin kuka ta ce ƙawayenta sun ce tururi ne kawai, kuma da abin banza ne ai Baba ba zai jona mata ba.

Har yau tana fama, ta bar sha ta sake komawa, ni kuma a wannan tsufan nake koyon zama da ita ba tare da ihu ba.

Iyaye, musamman ku maza irina masu taurin kai: tsawa ba magana ba ce. Ku nemi sanin abin, ku zaunar da su duka, mata da maza. In ba ku faɗa musu ba, akwai mai faɗa musu a waje, kuma ƙarya zai yi musu.