'Yar Fari a Bayan Dutsen Murjani

Ni 'yar Sarkawa ce, a bakin kogin Kwara aka haife ni, wajen Yawuri. Na iya iyo tun ban iya ɗaura zani ba. Karatu kuwa sai da furfura ta fito na zauna aji, don haka ba ni da adon magana, abin da na gani shi zan faɗa.

Shara da wanke-wanke suka kai ni Jidda. Kafilina, wato uban gidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, yana da ƙaramin jirgin ruwa a gaɓar Ubhur, yana ba da hayarsa ga iyali ɗaya-ɗaya, a fita da su cikin Bahar Maliya su leƙa ƙarƙashin ruwa. Gilashi ake sawa a fuska, a cije bututu da baki, mutum ya kwanta rubda ciki a saman ruwa yana numfashi ta bututun yana kallon kifi. Maza suna da masu raka su. Mata ne ba su da kowa, don babu mijin da zai yarda ƙato ya riƙe hannun matarsa a ruwa. Ranar da matar kafili ta ga na yi nutso na ɗauko mata awarwaronta da ya faɗa gindin jirgi, ranar aka ƙara mini aiki. Duk Alhamis da Juma'a nakan baro ɗakina a unguwar Karantina in zo in raka matan mutane cikin teku.

Ga yadda muke yi. Rayyis, wato tsohon Bayamalen da ke tuƙa jirgin, da ya jefa anga, ƙarfen nan da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, sai ya koma can gaba, a saki labule, ya ba mu baya da rediyonsa, don mata su cire abaya su sake. Ni kuma hannu biyu Allah ya ba ni, mutum biyu nake ɗauka mu zaga. Duk yaron da ya rage yana wasa a gindin tsanin jirgi, uwarsa ce mai sa masa ido daga sama. Ban taɓa samun matsala da wannan ba. Balarabiya ko atishawa ɗanta ya yi a ruwa, ihunta sai an ji shi a Sudan.

Wata Alhamis aka ce mini yau 'yan gida ne. Wani likita ɗan Katsina da ke zaune a Sharafiyya ya kama jirgin don mahaifiyarsa da ta zo umara. Shi aiki ya riƙe shi. Ya turo Hajiya, da matarsa, da ƙananan yaransa maza biyu haifaffun Jidda, da wata yarinya doguwa da ba ta kai sha uku ba. Ita ce 'yarsu ta fari. Tun yaye take hannun Hajiya a Katsina, sunan Hajiyar ma aka sa mata, tare suka zo.

Tun a hanya Hajiya ta kama ni da tambaya.

"Ke 'yar nan, da gaske murjani a ruwa yake tsirowa? Ni na ɗauka 'yan koli ke ƙera shi."

"Yau za ki gani da idonki, Hajiya."

"Ba ni ba. Takwara ta gano mini."

Yarinyar ta ce, "Gara ki zauna. In kika faɗa ma kifi ba zai taɓa ki ba, ƙashi ne zalla."

"Ja'ira! Ke ɗin da wane nama?"

Matar likita tana gefe tana shafa wa yaran mai, tana gyara musu hula, suna ce mata "halas, Mama, halas." Yarinyar kuwa ko inda take ba ta kallo. Da yarinyar ta leƙa da yawa ta gefen jirgi, uwar cewa ta yi da ƙaramin, "Ka ce wa waccan ta zauna." Ita ma yarinyar Yaya take ce mata. Na san wannan sarai. Ni ma na haifi ɗan fari, har yau bakina bai saba da sunansa ba. Uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban uwar miji, balle kuma a ce sunan uwar mijin ne a kansa. Amma na daɗe cikin Larabawa, kuma ban taɓa ganin an zo da kunya tsakiyar teku ba.

Muka tsaya a inda muka saba. Dutsen murjanin kamar katanga yake a kwance, kansa daf da saman ruwa. Ta cikinsa ruwa kore ne, lafiyayye, ana hango yashi. Ta bayansa ƙasa ta yanke, ruwan ya koma shuɗi mai duhu, kuma da iskar la'asar ta taso yakan ja komai ya yi kudu. A jikin katangar akwai wata 'yar ƙofa da ruwa ke fita.

Ƙarfin halin Hajiya bai wuce tsayawar jirgi ba. Jiri ya kwashe ta, ta kwanta a benci ta rufe fuska da mayafi tana salati. Na sa wa yarinyar jar rigar da ke hana nutsewa, ta manya ce, ta yi mata yawa, na ɗaure iya ƙarfina. Ta ce ta iya iyo, suna zuwa rafi. Na nuna mata igiyar da ke gindin tsani na ce kada ta sake ta sai na dawo, in na zaga da ƙannenta ita zan ɗauka. Sannan na ɗaga kai na ce wa uwar, "Ki sa mata ido."

Ta sunkuyar da kai tana ninke tawul. Na ɗauka amsa ce.

Na kama yaran, ɗaya a dama ɗaya a hagu, muka bi jikin dutsen. Kifaye ne kala-kala, wani rawaya kamar an tsoma shi a kurkum, wani mai baki irin na aku yana gurgurar dutse har ana jin ƙarar. Yaran suna ihu cikin bututu suna shan gishiri. Mun ɗan jima. Abin da ya dawo da ni, na ji ruwa ya fara marin bayana, na san iska ta taso.

Da na iso tsani igiya tana lilo, babu kowa.

Na tura yaran sama na hau. Matar likita tana tsaye ƙiƙam, ta cusa gefen mayafi a baki.

"Ina yarinyar?"

Ta dubi inda Hajiya ke kwance, ta ce a hankali, "Na ce wa Hajiya kamar ruwan can da nisa."

"Ba Hajiya na bar wa ba! Ina take?"

Hajiya ta yaye mayafi ta zabura. "Ina takwara? Ke, abin da kike ta faɗa ke nan? Na ɗauka hira kike!"

"Sau biyu na faɗa," in ji matar likita. "Wani abu ta gani kamar kififfiya, ta bi shi. Ta can ta fita." Ta nuna ƙofar nan ta jikin dutse, daidai, ba kuskure. Ashe duk ninke tawul ɗin nan da wutsiyar ido take binta. Ta ga lokacin da ta saki igiya, ta ga lokacin da ta fita. Ta tashi ta zauna, ta yi gyaran murya, ta yi zance a kaikaice. Ba ta san ruwa ba, ta ga riga a jikin yarinya, tana ta ce wa ranta yanzu za ta juyo.

Na fizge labule har ƙusarsa ta fita. Rayyis ya rufe ido da hannu yana "astagfirullah, ya Hajja," na ce ya buɗe su, yarinya ta fita bayan dutse. Ya ruga ya ja anga, anga ta maƙale a murjani. Ko ta fito ma jirgi ba ya bi ta ƙofar nan, sai ya zagaya can ƙarshen dutsen.

Na damƙi hannun matar likita. "Hau rufin jirgin nan. Kina hango ta?"

Ta hau da rarrafe. "Ga ja-ja can. Yana ɓacewa yana dawowa."

"Miƙa hannunki inda take. Ko me ya faru kada ki sauke. Hannunki zan bi."

Na zura takalman iyo na faɗa.

A ƙofar ruwa ya ɗauke ni ya goga cinyata a dutse, na ji kamar an ɗora mini garwashi. Ban tsaya dubawa ba. Ina fita ƙasa ta ɓace. A Kwara ko ina ka nutsa ka san akwai laka a ƙasa tana jiranka. Nan kuwa duhu ne kawai yana tafiya. Igiyar ruwa ta fi ni tsawo. In ta ɗaga ni sai in waiwaya in nemi jirgi, in ga mace tsaye a rufi da hannu a miƙe, in gyara hanya. In ta sauke ni ba na ganin komai sai bangon ruwa gaba da baya.

Na yi ta ja har ƙirjina ya fara zafi. Da ruwa ya sake ɗaga ni na waiwaya, sai na ga hannun yana yawo, ya yi dama ya yi hagu. Rana ta sauko tana walƙiya a kan ruwan. Yarinyar ta ɓace mata.

Na tsaya ina taka ruwa ina juyawa. Na kasa kunne, ko da yake na san banza ne. Wanda ruwa ke ci ba ya ihu, duk ɗan Sarkawa ya san haka, numfashin da zai yi ihu da shi ne yake nema. Na yi kira, iska ta kwashe muryata ta yi kudu da ita. Daga jirgi, da yake iskar daga can take zuwa, na jiyo matar tana "Ke! Ke yarinya!" Shiru. Ta sake. Shiru.

Sai na ji sunan.

Ba laƙabin da ake kiranta da shi a gida ba, sunan yanka, sunan Hajiya, tsirara. Ta ja shi da dukan abin da ke cikinta har muryar ta tsage, ta sake ja, ta sake. Ban taɓa jin an kira mutum haka ba.

Ta hagu da ni, a baya kaɗan, inda na riga na wuce, wata 'yar murya ta ce, "Na'am."

Da tari ta fito, amma ta fito. Ɗan Bahaushe ko a bakin kabari aka kira shi sai ya amsa. Na juya na bi tarin.

Rigar ta haye mata har kunne, ta rungume ta da hannu biyu, gilashin ya zame wuya, bututu ya tafi. Kowace igiya sai ta wanke mata fuska. Idonta a buɗe amma ba ni take gani ba. Na zagaya ta baya, don wanda ya tsorata in ya kama wuyanka ku biyu za a nema. Na cafki ƙeyar rigar, na kwantar da ita a ƙirjina, na juya mu muka ba igiya baya.

"Kada ki taimake ni," na ce. "Kwanta kamar gawa."

Ta yi amai a hannuna. Ta yi numfashi. Komawa ba ta yiwuwa, ruwa ya fi ƙarfina da kaya a hannu, sai dai jira. Jinin cinyata yana tafiya cikin shuɗin nan, ina sane da shi, ina sane da abin da ke bin jini a wannan teku, na hana kaina duba ƙasa. Ƙafata ta dama ta fara ɗaurewa. Jirgin kuma yana nan inda yake, ƙarami kamar ƙwarya.

Can yarinyar ta ce, "Baba, wa ya kira ni?"

"Uwarki."

"Yaya? Ai ba ta faɗar sunana."

"Rufe baki, ruwa na shiga."

Daga baya na ji Rayyis ya tsaya yana jan anga yana cewa ta kafili ce, sai da Hajiya ta ɗauko wuƙar da muke yanka kankana ta miƙa masa ta ƙota, ta ce in bai yanke igiyar ba ita za ta yanke. Ni dai abin da na sani, na ji ƙugin inji ta cikin ruwa tun kafin in ga jirgin ya zagayo. Matar tana rufi har yanzu, ta kama ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan a miƙe yana nuna mu.

Rayyis ya ja yarinyar sama, ya manta da zancen rufe ido. Ni sai da na huta a tsani kafin ƙafa ta yarda ta ɗauke ni. Hajiya ta rungume jikarta tana duka tana kuka. "Kififfiya! Kififfiya ce ba ki taɓa gani ba? Da kin mutu me zan ce wa ubanki?"

Matar likita ta sauko. Ta mayar da abayarta, ta zauna can ƙarshen benci ta ba su gefe, kamar ba ita ba. Ta ɗauko tawul ɗin da ta yi ta ninkewa ta miƙo mini.

"Ba wa waccan, kada ta jiƙa wa mutane wuri."

Ban karɓa ba. Raina a ɓace yake, cinyata na zuba, na ce, "Ni na ɗauko ta daga can. Daga nan zuwa nan kuma ke za ki kai."

Ta dubi ƙasa. Hajiya ta share ido da mayafi, ta dube ta.

"Kai mata mana. Sunan ma kin kwarara shi har kifaye sun haddace. Tun rasuwar mahaifina ba wanda ya kira ni haka, saura kaɗan in amsa."

Ta tashi. Ba ta dubi fuskar yarinyar ba. Ta yafa mata tawul ɗin ta baya, ta shiga goge mata kai da ƙarfi kamar mai wanke tukunya, ta goge, ta goge, gashi ya bushe ba ta daina ba. Yarinyar ta yi lamo, ba ta ce da zafi ba.

Kafili ya yi faɗan angarsa, na bar shi ya gama. Amma daga ranar, in aka ce mini 'yan gida ne, kafin kowa ya taɓa ruwa nakan tambaya wane ne ɗan fari a cikinsu. Uwar ba za ta amsa ba, wani zai nuna. Shi nake fara ɗauka, kuma ba na sakin hannunsa sai ƙafarsa ta taka jirgi.