Bawul ɗin Ƙetaren Lambatu

Mai Makulli kowa yake ce masa, har 'yar da ya haifa idan tana ba da labarinsa a waje. Makullin kuwa ba na ƙofa ba ne. Wani dogon ƙarfe ne da ya kai masa ƙirji, da mariƙi a gicciye a samansa, wanda ake zurawa a rami a murɗa bawul, wato makunnin babban bututun ruwa da ke binne a ƙarƙashin titi. Tun yana da baƙin gashi yake saɓa shi, har kafaɗarsa ta dama ta sauka ta bar ta hagu a sama. 'Yar tasa ɗinki take yi, kuma sai ta rage masa hannun riga ɗaya kafin rigar ta zauna masa daidai.

Da leburanci ya shiga ma'aikatar ruwa ta gunduma, yana saurayi, lokacin da ake haƙa ramin bututun da ya tashi daga tanki, ya gangara, ya bi ta cikin babban lambatu, ya haura unguwannin ƙetare. Da shi aka binne bututun nan. Ƙetare a lokacin gonaki ne da gidaje jifa-jifa. A can ya yi aure, a can aka haifa masa 'ya ɗaya tilo, a can matarsa ta rasu. Da 'yar ta yi aure sai ya bar mata gidan ita da mijinta, wani direban babbar mota da ba ya zama, shi kuma ya koma ɗakin da ke harabar tanki. Katifa ce a ɗakin da rediyo da ƙusa a bango ta rataye riga, sai makulli jingine a bayan ƙofa.

Ruwan bai taɓa isar kowa a lokaci ɗaya ba, don haka rabawa ake yi. Ya buɗe wa wannan unguwa da safe, ya rufe, ya buɗe wa waccan da yamma. Aiki ne na shan zagi. In ya makara kaɗan, mata sun jera bokitai sun riƙe ƙugu suna jiransa, shi ma kuma ba kanwar lasa ba ne.

"Ni na shanye ruwan? Ku dubi cikina, ina ya shiga?" haka yake ce musu.

Mutum ɗaya ce take wanke shi tas ya kasa ramawa, jikarsa ta fari, 'yar shekara shida, wadda saboda surutu ake ce mata Aku. Tana jin ƙarar murfin rami za ta fito da gudu.

"Tsoho mai ran ƙarfe, yau ma barci ka yi!"

"Ke da wannan bakin wa zai kwashe ki? Ni dai na fasa."

"Ni ma ba na son mai karkatacciyar kafaɗa."

Haka rayuwarsa take tafiya, ba yabo ba fallasa, har shekarar da aka sake zana iyakar birni. Birnin ya daɗe da cika ya tumbatso cikin gunduma, sai hukuma ta ce bari a gyara taswira ta dace da inda mutane suke. Aka ja sabon layi ya bi babban lambatu tiryan-tiryan. Duk wanda ke ƙetare ya zama ɗan birni. Da aka fitar da sabon adadin jama'a, birni ya kumbura, har ana ta murna a rediyo wai ya shiga sahun manya. Gunduma kuwa ta wayi gari kusan rabin mutanenta babu. Kai, abin mamaki ba ya ƙarewa! Ba wanda ya ɗaure kaya, ba wanda ya ɗauki ko tsintsiya ya ƙaura, amma an ce sun tafi.

Da abin a takarda ya tsaya, da da sauƙi. To ruwan da babbar matatar ruwa take turo wa kowane yanki, da yawan kawuna ake auna shi. Kawunan gunduma sun ragu, sai aka rage mata ruwa. Birni ya karɓi kason mutanen ƙetare, ya ce zai ja musu nasa bututun nan ba da jimawa ba. Kowa ya san abin da ake nufi da nan ba da jimawa ba.

Injiniyan ma'aikatar, wani matashi mai tabarau sa'an 'yar Mai Makulli, ya same shi a gindin tanki yana shafa wa makulli mai.

"Baba, bawul ɗin ƙetare za ka rufe."

"Zuwa yaushe, yallaɓai?"

"Rufewa ke nan. Ba namu ba ne yanzu."

"Jiya namu ne, yau ba namu ba? Ƙishin nasu ma ya koma birni?"

Injiniya ya cire tabarau ya murza ido. Shi ma abin bai yi masa daɗi ba. "Ruwan da ake ba mu ko wannan gefen ba zai isa ba. Kuma don Allah, Baba, ka rufe shi ƙam. Kada tausayi ya sa ka bar ɗan zirara. Bututun nan ya tsufa, kuma ta cikin ƙazanta ya bi. In ba a cike yake da ƙarfinsa ba, tsotso yake yi, duk abin da ke cikin lambatu sai ya ja."

Gaskiya yaron ya faɗa, kuma Mai Makulli ya san gaskiya ce, don ba yau ya fara jin bututu yana shan iska ba. Amma zuciya ta riga ta ɗebe shi. A duk maganar, "kada tausayi" kawai ya ji. Ya ce a ransa, yaron da ko haihuwarsa ba a yi ba aka binne bututun nan, shi zai koya mini halinsa?

Duk da haka ya je ya rufe. Ramin yana bakin kwalbati, a wannan gefen layin. Ya ɗaga murfi, ya zura makulli, ya murɗa har ya ƙi motsi, mutanen ƙetare suna tsaye a kan kwalbati suna kallonsa. Ba wanda ya zage shi, kuma wallahi da zagin suka yi da ya fi masa sauƙi.

Abin da ya biyo baya ba kyan gani. Mata da yara suka riƙa tsallako kwalbati da jarkoki zuwa famfunan gunduma, inda ruwan ma ya zama na wa-ka-ci-wa-ka-tashi. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna aron gishiri a hannun juna suka koma dambe a kan layi. Ana ce wa na ƙetare, "Ku 'yan birni ne yanzu, ku je birninku ya ba ku." Motar tankar birni takan leƙo jefi-jefi, ta tsaya a bakin titi, kafin na cikin lungu su ji labari ta ƙare.

Wata rana Mai Makulli ya shiga gidan 'yarsa ya tarar da keken ɗinki a lulluɓe, kayan mutane jibge ba a taɓa ba. Tana zaune ta miƙe ƙafafu sun kumbura, ƙaramar 'yarta mai koyon tafiya tana jan zaninta. Ga wanki ya taru a kusurwa yana tsami. Can sai ga Aku ta shigo da 'yar jarka a ka, wuyanta yana rawa, rabin ruwan ya zube mata a riga. Ta sauke, ta dube shi, ba ta tsokane shi ba. Ta nemi wuri ta kwanta.

"Uwata," haka yake kiran 'yar tasa, "yarinyar nan ta yi ƙanƙanta da wannan kaya."

"To ya zan yi, Baba? Ni na je sau nawa tun safe. Ƙafar ce ta ƙi." Ba ta roƙe shi komai ba, ko makullin da ya jingine a bakin ƙofa ba ta kalla ba.

Daga nan bakin kwalbati ya nufa. Rana tsaka ce, titi ba kowa. Ya zura makulli kamar mai duba lafiyar bawul, ya sassauta shi ɗan kaɗan, iya abin da awon tanki ba zai nuna ba. Ya kasa kunne ya ji ruwa yana tsiyaya, ya mayar da murfi, ya tafi abinsa.

Kafin yamma famfunan ƙasa-ƙasa na ƙetare sun fara zirara, siriri kamar zaren ɗinki. Sai a kafa bokiti a tafi wani aiki kafin ya cika. Amma ruwa ne, a cikin gida! Ba wanda ya yi maganar a fili. Mata dai suka koma gaishe shi har ƙasa, mai shayi ya daina bari ya wuce bai zauna ba. Keken ɗinki ya ci gaba da kuka. Aku ta dawo da bakinta, har da ƙari. Mai Makulli ya riƙa tafiya yana jin kansa, yana cewa ashe dai tsufa ma ilimi ne.

A da, in ya buɗe bawul gaba ɗaya, ruwan da ƙarfi yake zuwa ya wanke bututu, mata su bar na farko mai launi ya zube a ƙasa har ya washe kafin su tara. Yanzu wa zai zubar da ruwa? Kuma babu na farko babu na ƙarshe, zirara ce kawai dare da rana. In ya ɗan yi duhu sai a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama a sha.

Sai damina ta sauka, lambatu ya cika ya rufe bututun.

Amai da gudawa suka fara a gidajen da ke gangare, inda famfo ya fi zuba. Aka ce ko 'ya'yan itace ne, aka ce ko ruwan tankar birni ne. Aku ta kwanta da safe, kafin rana ta take idonta ya faɗa. Mai Makulli ne ya saɓa ta a kafaɗa ya tsallaka da ita ƙaramin asibitin gunduma, wanda ke nan kusa. Ma'aikaciyar jinya ba ta kore su ba, Allah ya sani, amma su ma an rage musu magani daidai da sabon adadi, kuma marasa lafiya har a baranda. Ta ce su yi maza su kai ta babban asibitin birni. Kafin a sami mota, kafin a kutsa cunkoso, yarinyar da ba ta iya yin shiru ta yi shiru a kan cinyarsa. Ba su kai ba.

Ba ita kaɗai ba ce a makon. Amma a rediyo gunduma ta ce ba ta rasa kowa ba, kuma ba ƙarya ta yi ba. Birni ya ce 'yan ƙalilan ne idan aka dubi yawan jama'arsa, shi ma bai yi ƙarya ba.

Kwanakin nan Mai Makulli bai ci abin kirki ba. Wani abu yana cin sa a rai, yana ture shi, yana dawowa. Ran nan da safe, bayan an kashe injin tanki, ya kasa daurewa. Ya gangara ƙarƙashin kwalbati, ya naɗe wando, ya shiga baƙin ruwan nan mai wari har gwiwa. Ya san inda mahaɗar bututun take, shi ya ɗaure ta. Bai ma sa hannu ba ya gani: daidai kanta ruwan lambatu yana ɗan juyawa yana shigewa ƙasa, da leda da kumfa da komai. Ya sa tafin hannu ya laluba, sai ga tsaga a jikin mahaɗar, ya ji tana jan fatarsa.

Sannan ya hau, ya ɗaga murfi, ya murɗa bawul da duk ƙarfin da ya rage masa har ƙarfen ya yi ƙara. Ya bi lungu-lungu yana buga ƙofofi, yana cewa kada kowa ya sha abin da ya tara. Gidan 'yarsa ya bari a ƙarshe, don ƙafarsa ta ƙi zuwa.

Ya same ta a tsakar gida a durƙushe gaban famfo, tana murɗa shi hagu da dama. Ta rame, muryarta ta dishe. Ƙaramar tana kwance a kan tabarma, lakwas, ga kofi da cokali a gefenta.

"Yauwa Baba, gara da ka zo. Ya ɗauke gaba ɗaya. Don Allah ka ɗan ƙara mana ko yaya ne, wannan ma ta fara tun asuba. An ce a yi ta ba ta ruwa, ina ta ba ta."

Ya dubi kofin. Ya dubi bokitin da ke ƙarƙashin famfo.

"Wannan kike ba ta?"

"Wanne gare ni in ba shi ba?"

"Uwata, kada ki ƙara. Ruwan ne." Ya janye kofin gefe. "Bututun ya tsage a cikin lambatu. Da na bar shi yana zirara, ƙazantar yake ja yana kawo muku."

Ta saki kan famfon a hankali. Ta dubi ƙafafunsa, baƙin taɓo har gwiwa. Ba ta yi kuka ba, hawayen sun ƙare tun kwanaki.

"Yau ka sani?"

"Yau na gani."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ba wanda ya gaya maka haka za ta faru?"

Da ya ce babu, da ta yarda, don bai taɓa yi mata ƙarya ba.

"An gaya mini," ya ce. "Tun ranar farko."

Ta tashi, ta ɗauki yarinyar ta goya, ta ɗaure zani tamau, ta zura takalmi. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya miƙa hannu.

"Kawo ta in riƙe, na fi ki sauri. In samo mota..."

"Ba ni hanya," ta ce.

Ya matsa. Ta wuce ta gabansa da 'yarta a baya, ba ta waiwayo ba.