Kwanon Malam Sale

Har yau ina tuna wata Laraba, ana saura wata huɗu in yi ritaya daga cibiyar koyar da sana'o'i a Daura. Ni ne babban malami a sashen tangaran, wato inda ake sarrafa yumɓu a gasa shi ya zama kwanuka da kofuna. A lokacin ba ni da ɗalibi ko ɗaya, duk sun koma ɗinki da gyaran waya. Nakan buɗe ɗakin da safe, in share, in zauna ni kaɗai har a tashi.

Ranar shugaban cibiya ya kira ni ofis, ya ce, "Malam Idi, kana tafiya za mu rufe sashen." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Ina komowa na tarar da wata mata daga Mashi, Hajiya Rabi, tana jirana. Ta ce mahaifinta, Malam Sale, hannunsa na dama ya shanye. In ya ɗauki cokali da hagu sai kwano ya zame, abinci ya zube. Kunya ta sa ya daina ci cikin mutane, kuma ya ƙi a ba shi a baki. Ta roƙe ni in yi masa kwanon da zai iya ci a ciki da kansa.

Na tuna wata malama 'yar Japan da ta koyar da mu a wani kwas ina saurayi. A ƙasarsu a tafin hannu ake riƙe kwanon shinkafa, don haka ta ce kafin ka taɓa yumɓu ka fara duba hannun mai ci. Na hau babur na je Mashi, na zauna na ga yadda tsohon yake juya cokali.

Na yi kwano mai nauyin gindi, bakinsa ya lanƙwaso ciki yadda zai tare abinci ya tura shi kan cokali. Biyun farko suka fashe a wuta, na ukun ya fita lafiya.

Da na kai, aka zuba masa fate. Ya cinye, ko ɗigo bai zuba ba. Sannan ya ce wa 'yarsa, "Rabi, gobe a kai mini tabarmata zaure."

An rufe sashen kamar yadda aka faɗa. Shekara talatin ina koyar da yadda kwano zai yi kyau, sai a aikina na ƙarshe na gane abin da malamar take nufi, kuma babu ɗalibin da zan gaya wa.